Kogi Ya Raba Unguwanni, Aji Ya Haɗa 'Ya'ya: Fahimtar Juna da Kwanciyar Hankalin Ɗalibai a Kaduna

Yaron da aka haifa a Kaduna bayan shekarar 2002 ya tashi a wani gari dabam da wanda iyayensa suka sani. Idan a Rigasa ko Tudun Wada aka yanke masa cibiya, abu ne mai yiwuwa ya gama firamare da sakandare bai taɓa zama kan benci ɗaya da Kirista ba. Idan kuwa a Sabon Tasha ko Unguwar Romi ne, zai iya kai shekara 18 bai taɓa shiga gidan Musulmi ya ci tuwon sallah ba. Duk abin da kowannensu ya sani game da ɗayan, ji ne: labarin da aka ba shi a gida, da wa'azin da ya saurara, da bidiyon da aka turo masa a waya.

Sai ranar da suka sami gurbin karatu. Jami'ar Jihar Kaduna da ke titin Tafawa Ɓalewa, ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, ko Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ta zuba su aji ɗaya, wani lokaci ma ɗaki ɗaya, katifa na kallon katifa. Wannan haɗuwa tana iya zama alheri mafi girma da makarantar za ta yi musu, tana kuma iya zama mafarin fargaba da ƙuncin da zai hana su karatu. Abin da zai raba gardama shi ne yadda aka tsara zaman, da kuma abin da aka ba su su yi tare.

Yadda gari ya rabu

Kaduna garin baƙi ne tun asali. A ƙasar Gbagyi Turawa suka kafa ta, suka dawo da hedikwatar Arewa cikinta daga Zungeru a 1917. Jirgin ƙasa da barikin soja da ofisoshin gwamnati suka jawo mutane, daga baya masaƙun Kakuri da kamfanin haɗa motocin Peugeot da matatar mai suka ƙara cika ta. Bahaushe da Bajju da Atyap da Ham da Adara da Banufe da Bayarabe da Ibo suka yi haya a gida ɗaya, suna bin layin famfo ɗaya, Hausa kuma ta zama harshen da ya haɗa su.

Rikicin Shari'a na watannin Fabrairu da Mayu na 2000 ne ya karya wannan zama. Ƙungiyar Human Rights Watch ta ƙiyasta cewa aƙalla mutum 2,000 suka rasa rayukansu. A Nuwamba 2002 rikicin gasar sarauniyar kyau ta duniya ya ci kimanin 250. Daga nan mutane suka shiga sayar da gidaje ko musayarsu: Kiristoci da yawa suka tsallaka kudancin kogin Kaduna, Musulmi da yawa suka dawo arewa, har wasu suka riƙa kiran ɓangare ɗaya Makka, ɗayan Kudus. Ba a rasa unguwannin da har yanzu ake cakuɗe ba, irin su Barnawa, amma rabuwar ta zauna. Babu mai zargin wanda ya tashi, domin tsira da rai ya nema. Sai dai kuɗin wannan tsira, 'ya'yan ne ke biyansa, domin sun tashi babu maƙwabcin da zai ƙaryata musu mugun labarin da suke ji a kan mutanen tsallake.

Kayan da ke kan ɗalibi

Kafin a zo maganar addini, ɗalibin yau yana ɗauke da kaya mai nauyi. A 2021 an ƙara kuɗin makarantun gaba da sakandare na jihar Kaduna ninki-ba-ninki, har ɗalibai suka fito zanga-zanga. A wannan shekarar ce 'yan bindiga suka sace ɗalibai 39 daga Kwalejin Gandun Daji da ke Afaka a watan Maris, suka kuma shiga Jami'ar Greenfield a Afrilu, inda aka kashe biyar daga cikin ɗaliban da suka kwashe. A 2022 yajin aikin malaman jami'a ya zaunar da ɗalibai a gida daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, wata takwas cur. A 2023 janye tallafin mai ya ninka kuɗin mota da na abinci. Ga cunkoson ɗakin kwana, ga tsoron faɗuwa jarrabawa, ga tunanin ina aikin yake bayan an gama.

Kuma shekarun jami'a su ne shekarun da cututtukan ƙwaƙwalwa suka fi bayyana. Masana sun gano cewa kusan kashi uku cikin huɗu na irin waɗannan cututtuka suna farawa ne kafin mutum ya wuce shekara 24. Wani bincike da aka yi ƙarƙashin shirin Hukumar Lafiya ta Duniya, aka buga a 2018, ya tambayi sababbin ɗalibai kusan 14,000 a makarantu 19 na ƙasashe takwas, ya tarar kimanin ɗaya cikin uku yana fama da ciwon damuwa, ko fargaba mai tsanani, ko shaye-shaye, ko makamantansu. A Nijeriya kuwa likitocin ƙwaƙwalwa 'yan ɗaruruwa ne kawai ga al'ummar da ta haura miliyan 200. Sai a Janairun 2023 aka sa hannu kan sabuwar dokar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958.

Ma'anar wannan a aikace ita ce, ɗalibin da hankalinsa ya tashi da wuya ya ga likita. Wanda zai fara lura da shi abokin ɗakinsa ne: shi zai ga ya daina cin abinci, ya daina fita lakca, yana kwana ido biyu. To idan tsakaninsa da abokin ɗakin babu komai sai gaisuwar dole da zargi, an rasa mutum na farko da zai ce masa, "Lafiya kuwa?" Ga kuma wani nauyin na dabam da ke kan wanda ya sami kansa cikin tsiraru. Ɗalibar da ta zo daga Zonkwa ta tarar ita kaɗai ce Kirista a ɗakinsu, da ɗalibin da ya zo daga Ikara aka tura shi reshen Jami'ar Jihar Kaduna na Kafanchan, dukansu suna auna kowace kalma kafin su furta, suna kasa kunne ga kowace hayaniya. Zuciyar da kullum take cikin shirin gudu ba ta riƙe karatu.

Abin da ya faru a Kafanchan

Tarihin jihar nan ya nuna cewa harabar makaranta ba wurin wasa da wannan magana ba ne. Ranar 6 ga Maris 1987, a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan, ɗaliban Kirista suna taron wa'azi, sai saɓani ya tashi kan kalaman mai wa'azin, waɗanda ɗalibai Musulmi suka ce sun taɓa addininsu. Cacar baki ta zama dambe, dambe ya fita cikin gari, cikin 'yan kwanaki wuta ta kama Kaduna da Zariya da Funtuwa da Katsina, aka ƙona coci-coci da masallatai, aka rasa rayuka. Masu nazarin rikicin addini a Arewa da yawa suna ɗaukar wannan a matsayin mafarin wani sabon babi. Shekara 35 bayan haka, a Mayun 2022, maganar da ta taso a zauren WhatsApp na 'yan aji ɗaya ta kai ga kashe wata ɗaliba a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari da ke Sakkwato, aka rufe makarantar, aka sa dokar hana fita a gari.

A duka biyun, ɗaliban suna makaranta ɗaya, suna ganin juna kullum. Ganin juna bai hana komai ba. Abin da aka rasa shi ne hanyar da ƙorafi zai bi kafin ya zama fushi, da mutanen da ɓangarorin biyu suka yarda da su, waɗanda za su shiga tsakani cikin mintunan farko.

Abin da kasuwa ta sani

Duk da rabuwar unguwanni, akwai wurin da Kaduna take haɗuwa kowace safiya. Motocin haya daga Sabo da Kakuri suna tsallako gada, na Kawo da Mando suna gangarowa, kwandastocinsu duka suna kiran suna ɗaya: Kasuwa. Babbar Kasuwar Kaduna, wadda aka sa wa sunan Shehu Abubakar Mahmud Gumi bayan rasuwarsa a 1992, tana bakin titin Ahmadu Bello a arewacin kogi, amma babu ƙabila ko addinin da ba ya neman abinci a cikinta. Bahaushe mai atamfa da shadda yana jere da Ibo mai kayan lantarki, Bayarabiya mai kayan kicin tana ciniki da matar da ta kawo doya ko citta daga kudancin jihar.

Ba a taɓa tara waɗannan mutane a otal an yi musu lakcar zaman lafiya ba, amma dubi abin da ke gudana tsakaninsu. Mai shago zai tafi sallar azahar ya ce wa maƙwabcinsa, "Madam, duba mini shago," ya bar mata kaya har da aljihun tebur. Ana ba da kaya bashi a kan amana, ana zubin adashi tare, ana neman canji a wurin juna, idan an yi rasuwa a rufe shago a tafi gaisuwa. Idan saɓani ya tashi kan iyakar rumfa ko kuɗin dillanci, akwai shugabannin layi da na ƙungiyar 'yan kasuwa da za su zauna su yanke, kuma kowa ya san su. Kowa yana da abin da zai rasa idan kasuwa ta tashi. Gobara, wadda kasuwar ta ɗanɗana, ba ta tambayar mai shago inda yake ibada.

Kada kuma a ɗauka kasuwa aljanna ce. Rikicin Zangon Katab na 1992 kan mayar da kasuwa wani wuri ya faro. Na Kasuwan Magani a ƙaramar hukumar Kajuru, a Oktoban 2018, a cikin kasuwa ya tashi, 'yan sanda suka ce mutum 55 suka mutu, bayan kwana uku kuma jita-jita ta kawo tashin hankalin cikin birnin Kaduna har aka sa dokar hana fita ta awa 24. Inda ake ganin wani ɓangare ya danne wani, ko shugabanni sun karkata, cakuɗuwar da ke kawo ciniki ita ce ke kawo faɗa.

Wannan ya yi daidai da abin da wani masanin halayyar ɗan'adam na Amurka, Gordon Allport, ya rubuta tun 1954. Ya ce cuɗanya tsakanin jama'u biyu tana rage ƙiyayya ne idan ta cika sharuɗɗa huɗu: a haɗu a matsayi ɗaya babu na sama babu na ƙasa, a sami buri ɗaya, a yi aikin cikin taimakon juna maimakon gasa, hukuma kuma ta goya wa zaman baya. Maƙwabtan shago biyu sun cika sharuɗɗan nan ba tare da sun taɓa jin sunan Allport ba. Ɗalibai biyu da ke aji ɗaya, kowa yana zama gefen 'yan'uwansa, yana karatun dare da 'yan'uwansa, yana zaɓen ɗan takarar 'yan'uwansa a ƙungiyar ɗalibai, ba su cika ko ɗaya ba sai na farkon.

Gwajin da aka yi a garin nan

Ba sai an je ƙetare neman hujja ba, domin ɗaya daga cikin gwaje-gwajen da masana suka fi ambato a wannan fanni a Kaduna aka yi shi. Wasu masu bincike biyu, Alexandra Scacco da Shana Warren, sun ɗauki samari 849, Musulmi da Kirista, masu shekara 18 zuwa 25, daga unguwannin marasa galihu da rikici ya saba shafa. Aka jefa ƙuri'a, mafi yawansu suka sami gurbin koyon kwamfuta na mako 16, sauran aka bar su don a gwada da su. Waɗanda suka sami gurbin ma ƙuri'a ce ta raba su: wasu ajin Musulmi zalla, wasu na Kirista zalla, wasu aji gauraye. Ba a yi musu wa'azin zaman lafiya ko sau ɗaya ba, kwamfuta kawai aka koya musu. Da aka gama, aka tambaye su ra'ayinsu kan mabiya ɗaya addinin, aka kuma ba su kuɗi aka ce su raba da wasu, don a ga ko sunan mutum zai sa a ba shi kaɗan ko da yawa.

Sakamakon da aka buga a 2018 yana da ɗaci da zaƙi. Ra'ayin samarin bai sauya ba: abin da suke faɗa a kan ɗaya ɓangaren kafin horon, shi suke faɗa bayansa. Amma a wurin rabon kuɗi, waɗanda suka zauna aji gauraye sun fi na ajin zalla adalci ga wanda ba addininsu ɗaya ba. Abin da ya fi jan hankali shi ne, da aka gwada da waɗanda ba su shiga horon ba, sai aka ga ajin zalla ne ya ƙara wa 'yan cikinsa son kai da fifita nasu. Wato tara matasa 'yan addini ɗaya su kaɗai, ko da a kan abin alheri ne irin koyon sana'a, yana ƙara kaurin katangar da ke tsakani.

An sami kwatankwacin haka a Iraƙi, inda wata mai bincike, Salma Mousa, ta haɗa Kiristocin da yaƙin ISIS ya kora daga gidajensu da Musulmi a ƙungiyoyin ƙwallo. Sakamakon da ta buga a 2020 ya nuna 'yan wasan sun kyautata wa abokan wasansu Musulmi, sun yarda su ci gaba da atisaye tare, amma hakan bai kai ga Musulmin da ba su sani ba.

Darasi biyu ke nan ga duk mai tafiyar da makaranta. Na farko, kada a yi tsammanin taron bita na kwana biyu zai wanke abin da aka shekara 20 ana zubawa a zuciya. Na biyu, hali yana riga ra'ayi sauyawa. Ɗalibi zai iya ci gaba da riƙe wasu zarge-zargen da ya taso da su, amma ya ara wa abokin aikinsa littafi, ya raka shi asibiti, ya kira shi ya ce kada ya biyo ta hanya kaza yau. Ga ɗalibin da ke cikin damuwa, wannan ɗin shi ne abin da yake bukata. Ba sai duk mabiya ɗaya addinin sun so shi ba; ya ishe shi a ce cikinsu akwai mutum biyu ko uku da zai buga wa waya da tsakar dare su ɗauka, waɗanda idan aka turo hoton gawa aka ce yanzu ake yi a Sabo ko a Tudun Wada, za su leƙa waje su gaya masa gaskiya.

Liman da Fasto

Kaduna tana da misalin da duniya ta sani. Liman Muhammad Nurayn Ashafa da Fasto James Movel Wuye sun jagoranci matasa masu gaba da juna. A rikicin 1992 Wuye ya rasa hannunsa na dama, Ashafa ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa biyu. A 1995 wani ɗan jarida da ya san su duka ya haɗa su a wani taro a gidan gwamnati, ya ce su yi magana. Amincewa ba ta zo nan take ba. Wuye ya sha faɗa a bainar jama'a cewa ya yi shekaru suna aiki tare alhali zuciyarsa tana raya masa ya ɗauki fansa. Daga cikin abubuwan da suka karya masa zuciya har da zuwan da Ashafa ya yi duba mahaifiyarsa tana kwance asibiti. Shi kuwa Ashafa, huɗubar Juma'a kan yafiyar Annabi (SAW) ga waɗanda suka cutar da shi ce ta juya shi. Zumunta a ƙafa take, in ji Bahaushe.

Cibiyar sasanta mabiya addinai da suka kafa, Interfaith Mediation Centre, tana cikin waɗanda suka shirya Yarjejeniyar Zaman Lafiya ta Kaduna, wadda malaman addini 22, rabi Musulmi rabi Kirista, suka sa wa hannu ranar 22 ga Agusta 2002, zamanin Gwamna Ahmed Maƙarfi. Wata uku bayan sa hannun aka yi rikicin Nuwamba, abin da ke nuna takarda ita kaɗai ba ta tsare gari. Amma aikin bai tsaya ba, ya kai su har Yalwan Shandam a jihar Filato da ƙasar Kenya. Ba su kaɗai ba ne kuma. Bishop Josiah Idowu-Fearon ya buɗe cibiyar nazarin dangantakar Kirista da Musulmi a Kaduna, ya kuma shugabanci Hukumar Zaman Lafiya ta Jiha da aka kafa a 2017. Mata ma suna da majalisarsu ta mabiya addinan biyu tun 2010.

Tattaunawa dabam, muƙabala dabam

Babban abin da ke sa iyaye da malamai ja da baya shi ne tsoron kada a narkar da addini, a ce duk ɗaya ne. Tsoro ne da ya kamata a saurara, amma labarin mutanen nan biyu ya amsa shi: har yau Ashafa limami ne mai wa'azin Musulunci, Wuye fasto ne mai wa'azin Kiristanci, babu wanda ya sassauta aƙidarsa. Abin da suka ajiye ƙiyayya ce. A muƙabala, kowa ya zo ne ya kayar da abokin zamansa, magoya baya suna jiran tafi. A tattaunawa, ka zo ne ka ji daga bakin mutum abin da ya yi imani da shi da abin da ke ɓata masa rai, don gobe kada ka taka shi cikin rashin sani. Ɗalibin da ya san nauyin sunan Annabi (SAW) a zuciyar Musulmi, da wanda ya san zafin da Kirista ke ji idan aka kira shi arne, sun riga sun kauce wa rabin fitinar da ke tashi a makarantu.

Addinan biyu kuma ba baƙin wannan hanya ba ne. Hijirar farko da Musulmi suka yi, ƙasar Habasha suka nufa, wurin sarki Najjashi wanda yake Kirista a lokacin, ya ba su mafaka. A Linjila, mutumin da Yesu ya ba da misalin maƙwabcin ƙwarai da shi Basamariye ne, wato ɗan jama'ar da masu sauraronsa ba sa ga-maciji da ita. Al'adarmu ma tana da nata maganin. Wasan barkwanci tsakanin Kanawa da Zagezagi, Gobirawa da Yarbawa, Fulani da Barebari, Fulani da Tibi, hanya ce da kakanni suka mayar da tsohuwar gaba ta zama raha; a 2014 hukumar UNESCO ta sa wannan al'ada ta Jamhuriyar Nijar cikin kayan gadon ɗan'adam. Kuma ya kamata ɗalibin Zariya ya san cewa ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, daga 1966 zuwa 1975, Farfesa Ishaya Audu ne, Bahaushe Kirista. Rabuwar da muke gani yau ba gadonmu ba ce.

Abin yi

Nauyi na farko yana kan hukumomin makarantu, kuma mafi yawansa ba ya cin kuɗi. A raba ɗakunan kwana da rukunin aikin aji ta hanyar ƙuri'a, kada a bar ɗalibai su zaɓi 'yan'uwansu kawai. A kafa ƙungiyoyin wasa bisa sashe ko tsangaya. Kada a sa jarrabawa ko lakca lokacin sallar Juma'a ko safiyar Lahadi, domin ƙananan abubuwa irin waɗannan ne ke sa ɗalibi ya ji ana yi da shi ko an ware shi. Dokar wa'azi da lasifika da filin ibada ta hau kan kowa daidai. A kuma sami tsayayyen kwamiti na shugabannin ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta MSSN da na ƙungiyoyin ɗalibai Kirista irin su FCS da NFCS, tare da shugaban sashen kula da harkokin ɗalibai, su riƙa zama a lokacin lafiya. Ranar tashin hankali ba ranar neman lambar waya ba ce.

Darasin zaman lafiya da warware rikici yana cikin darussan bai-ɗaya da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta tanada, amma sau da yawa haddar takarda ce a babban ɗaki, a rubuta jarrabawa a manta. Me zai hana a haɗa ɗalibai bibbiyu, Musulmi da Kirista, a tura su cikin gari su tattaro yadda shugabannin 'yan kasuwa ko na tasha ko masu unguwanni suke sasanta rikici, makinsu ya zama ɗaya?

Su ma ƙungiyoyin addinin, babu mai cewa su rushe. Tun 1954 MSSN take, FCS tun 1957, kuma ɗalibai da yawa a cikinsu suke samun 'yan'uwa da abinci da nasiha. Abin da ake nema shi ne kada su zama duniyar ɗalibi gaba ɗaya. Ko sau ɗaya a zango su haɗa hannu kan aikin da kowane addini ya yarda lada ne: ba da jini a Asibitin Koyarwa na Barau Dikko, koya wa sababbin ɗalibai darussan da ke kayar da su, tara wa wanda ya kasa biyan kuɗin makaranta, zuwa gaisuwar mutuwa.

Limaman masallatan makarantu da fastocin majami'unsu su ne ɗalibi ke fara kai wa kukansa. Yana da kyau a zaunar da su tare a koya musu alamomin ciwon damuwa da na mai tunanin halaka kansa, su san lokacin da za su haɗa addu'a da tura yaro ofishin ba da shawara ko Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa. Neman magani ba raunin imani ba ne, kuma idan ɗalibi ya ji haka daga bakin malaminsa na addini, kunyar zuwa za ta ragu.

Zauren WhatsApp na aji ya tsaya kan karatu, a naɗa masu kula da shi daga ɓangarorin biyu, duk wanda aka ɓata wa rai ya san ofishin da zai kai ƙara a saurare shi ranar. Iyaye kuma su duba nasihar da suke yi ranar rakiya. "Ka riƙe addininka" nasiha ce ta ƙwarai. "Kada ka yarda da su" guzurin tsoro ne da yaro zai kwana da shi shekara huɗu.

Zo mu zauna, zo mu saɓa. Saɓani ba zai ƙare ba, kuma ba shi ake neman kawarwa ba. Waɗannan ɗalibai su ne gobe za su zama likitan da za a kawo wa mai rauni da tsakar dare, da alƙalin da zai saurari shari'ar fili, da baturen 'yan sandan da zai yanke shawara cikin minti biyar ranar da gari ya rikice, da malamin da zai ba 'ya'yan wasu maki. Wanda ya fita jami'a bai taɓa amincewa da mutumin da ba addininsu ɗaya ba, da wannan giɓin zai hau kujerar, kuma jama'a ce za ta sha wahalarsa. Wanda kuwa ya fita da abokai a kowane ɓangare, ya yi karatunsa cikin natsuwa, mu kuma mun sami ma'aikacin da za mu iya miƙa wa amanarmu. Allah Ya ba ɗalibanmu sa'a, Ya zaunar da jiharmu da ƙasarmu lafiya.